Dafin Kububuwa da Uwar Mai Zane

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau bakina cike yake. Wanda ya saba da ni ya san halina. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: ni ce autar gidanmu, ina ƙarasa digiri na biyu a sashen bayokemistiri na jami'ar garinmu, kuma aikina kullum da dafin maciji ne. E, dafin maciji. Ku gama zaro idon, sai mu ci gaba.

Ranar da abin ya taso, ina tsaye a falo da safe ina goge farar rigar aikina, sai ga sallamar Gwaggo, yayar Abbanmu. Ko mayafi ba ta sauke ba ta dube ni sama da ƙasa.

"Gardiya, ana shirin fita wasa da macizan ne?"

"Ina kwana, Gwaggo. Ba wasa ba ne, aiki ne."

"Aikin da zai kori miji ai gara wasa da shi." Ta zauna a kujerar Abba, wadda ba mai iya zama a kanta sai ita, ta ƙwala wa Umma kira. "Ke, fito ki ji. Har yaushe mutanen yaron nan za su riƙa cewa ga su nan zuwa, suna ɗagawa?"

Yaron nan shi ne Mai Zane. Haka na ajiye shi a wayata, don zanen gidaje yake yi. Ranar da Gwaggo ta fara jin sunan har ta soma murna, ta ɗauka mai shagon zannuwa ne. Da ta ji takarda da fensir ne jarinsa, sai da ta ɗauki lokaci tana jin haushinsa. Daga baya ta ga yadda yake durƙusawa har ƙasa wajen gaisuwa, suka shirya. Dogo ne, mai gilashi, maganarsa a hankali kamar mai jera bulo. Mun fi shekara tare ban taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ya sa ɗage zuwan manyansa da ake ta yi ya tsaya mini a rai, ko da yake ban nuna wa kowa ba.

Umma ta fito daga kicin da butar shayi a hannu. "Yaya, ki bari ta karya tukuna."

"Ta karya tana ji. Wace uwa ce za ta so surukar da ke wuni da dafi? Ga makarantar 'yan mata nan a bayan layi suna neman malamar kimiyya. Ta koma can, ta tashi da azahar, kowa ya huta."

A raina na ce, Gwaggo ke nan, ta yanke hukunci, ta ɗaure, ta kuma jefa makullin a rijiya. A fili kuwa na ninke rigata, na sa a jaka, na ce, "Gwaggo, wanda yake sona ya same ni a kan aikin nan. In aikin ne zai kore shi, da ma can ba nawa ba ne."

"Kin ji ko? Baki kamar reza!"

Na sumbaci goshinta, ta ture ni tana ɓoye dariya, na fita.

Bari in shigar da ku sashenmu, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane abin da ake cewa in bari ba. Tsohon bene ne mai dogon baranda, kana shiga ƙamshin sinadari zai tare ka, firiji-firiji na ta gurnani a jere. Shugabarmu Farfesa ce, gajeriyar mace mai takalmin kambas, gilashinta rataye a wuya da igiya. Duk sabon ɗalibi sai ya ji hudubarta: "Abu biyu ya tara mu a ginin nan. Na farko, wanda ya fita daga hannunmu ya san furotin da hannunsa, ba da hadda ba. Na biyu, mu binciki abin da ke kashe mutanenmu, ba abin da ke burge baƙi ba."

Furotin kuwa ba nama da ƙwai kaɗai ba ne, kamar yadda aka koya mana a firamare. Su ne ma'aikatan jiki. Wani na ɗaukar iska a cikin jini, wani na narkar da abinci, wani na sa jini ya daskare in an ji ciwo. Dafin maciji shi ma taron furotin ne, kowanne da irin ɓarnarsa. A na kububuwa, wanda nake aiki a kai, akwai masu lalata abin da ke daskarar da jini, sai mutum ya yi ta zubar da jini ba tsayawa. Makarin da ake yi wa mutum allura shi ma furotin ne, aikinsa ya cafke na dafin ya riƙe. Amma abin kamar makulli ne da kwaɗo: makarin da aka haɗa don macizan wata nahiya ba lallai ya kama na wata ba.

Ran nan ni ke riƙe da 'yan aji uku a ɗakin gwaji. Ina koya musu yadda ake raba furotin a cikin jel, wani siririn faifai mai santsi da ake ɗiga samfuri a kansa, a sakar masa lantarki, ƙananan furotin su yi gaba, manya su tsaya a baya. Wata ɗaliba ta huda jel ɗinta, idonta ya ciko.

"Kada ki kuskura ki yi mini kuka a kan jel," na ce. "Na huda wanda ya fi wannan kyau. Dafa gwiwar hannunki a tebur. Riƙe numfashi. Yanzu ɗiga."

Ta ɗiga, ya zauna daram. Da aka rina faifan, layuka shuɗaye suka fito kamar matakalar tsani, sai ɗakin ya kaure da ihu kamar an ci ƙwallo. Ina juyawa na ga Farfesa a bakin ƙofa. Ta yafuto ni da yatsa.

A ofishinta ba ta yi dogon sharhi ba. An amince da sabon bincikenmu. Za a tattaro dafin kububuwa daga yankuna daban-daban, a rarrabe furotin ɗin da ke ciki, sannan a gwada kowane makari da ake samu a asibitoci, a ga wanda ke kamawa da wanda ke wucewa ta gefe. Akwai gurbin digiri na uku guda ɗaya, kuma mai gurbin ne zai ci gaba da riƙe ajin gwaji.

"Ke nake so. Ki je ki yi shawara da gida."

"Na karɓa, Farfesa."

"Cewa na yi ki yi shawara."

"Zan yi. Amma amsar ba za ta canza ba."

Ta ɗora gilashinta a hanci ta kalle ni, ta ce, "Allah ya shirye ki. Fita."

Ina fita na zaro waya.

Ni: Albishirinka.

Shi: Goro fari tas.

Na rubuta masa komai. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Mata, kun san wannan alamar, ta fi zagi ciwo.

Shi: Ma sha Allah. Har yanzu a kan abin nan ne?

Abin nan. Na tsaya ina kallon kalmar. Sai a lokacin na lura, tun da muke da shi ban taɓa jin ya ce maciji da bakinsa ba. Kuma duk ɗaukar da yake zuwa yi mini, a bakin get yake tsayawa, bai taɓa tako ginin ba.

Ni: Ka zo da la'asar. Amma yau ba a get ba. Ka shigo ciki.

Shi: Dole ne?

Ni: Dole ne.

Ya zo, cikin riga ruwan toka mai dogon hannu, fensir maƙale a aljihu. Na tare shi a baranda. Muna tafiya yana yaba ginin, wai wanda ya zana shi ya san hanyar iska, sai muka iso wani babban hoto da ke manne a bango, kububuwa ta naɗe jiki a kan yashi. Mai Zane ya tsaya cak. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Gumi ya keto masa a goshi, ya cire gilashi, ya mayar, ya kuma cirewa.

Na ja shi ɗakin gwaji, ɗalibai sun riga sun watse. Na ba shi kujera da ruwa. Sai da ya shanye ya yi magana, idonsa a kan tebur.

"Ina da wa. Ban taɓa ba ki labarinsa ba."

Wansa ne ke kula da lambun mahaifinsu a bayan gari. Wata rana yana share ciyawa, abin ya sare shi a idon sawu. Da ƙafarsa ya dawo gida, har yana dariya, yana cewa ɗan ƙarami ne. Mahaifiyarsu ta wanke wurin ta ɗaure. Sai da jini ya fara fita ta dasashinsa aka garzaya da shi asibiti. An yi masa allurar makari. Jinin bai tsaya ba.

"Ina makarantar sakandare a lokacin," ya ce. "Tun daga ranar ba a ambaton sunan abin a gidanmu. Igiyar ƙasa ake cewa, in ya zama dole. Da na kai wa Mama maganarki, ce mata na yi kina binciken magunguna a jami'a. Ba ƙarya na yi ba, amma ban cika ba. Sai ƙanwata ta ga hotonki a shafin sashenku, da bayanin aikinki a ƙasa, ta nuna mata."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba za ta iya haɗa zuri'a da mai ajiye abin da ya kashe mata ɗa ba. Shi ne dalilin ɗagewar." Ya ɗago. "Ki taimake ni. Furotin ai da yawa suke, ke kika faɗa mini. Ki zaɓi wani. Na wake, na madara, kowanne. Ki bar wannan kaɗai."

'Yan uwa, ba zan yi muku ƙarya ba, tausayinsa ya kama ni. Namiji ne mai kamun kai, ga shi yana roƙo. Da wani abin ya roƙa, ko mene ne, da na ba shi. Na tashi na ɗauko jel ɗina na jiya daga cikin ruwan rini, na ɗora a kan fitila, layukan suka haska.

"Kalli nan. Wannan layin mai kauri, da wannan na ƙasansa. Su nake zargi da hana jini tsayawa. Abin da za mu yi shi ne mu gano wane makari ke kama su, wanne ne ba ya kamawa. Kana so in bar wannan in koma wake?"

Ya daɗe yana kallon layukan. "To ya zan yi da Mama?"

"Ba kai za ka yi ba. Kai ni wurinta."

"Ba ki san Mama ba."

"Ita ma ba ta san ni ba. Hoto ta gani."

A gida, da na kwashe komai na faɗa, Umma ta yi tagumi, hawaye na bin kuncinta saboda matar da ba ta taɓa gani ba. Gwaggo, wadda ta ƙi tafiya tun safe, ta tafa hannu.

"Ban faɗa ba? To ga dabara. Ki je ki durƙusa ki ce kin bar aikin. In an ɗaura aure, wa zai bi ki jami'a ya leƙa?"

Abba yana gefe da jarida. Mutum ne da maganarsa ba ta wuce cikin cokali. Ya sauke jaridar ya ce, "Yaya, gidan da aka shiga da ƙarya, da kunya ake fita. Auta, ki je. Ki yi ladabi, ki faɗi gaskiya, kada ki yi mata lacca."

"Abba, ni nake lacca?"

Gaba ɗaya suka ce, "Ke fa!"

Na nemi izinin safiya ɗaya a wurin Farfesa. Shiri kuwa sai da ya zama yaƙi. Na ɗauko doguwar riga shuɗiya, Gwaggo ta ce ta yi kama da ta 'yan asibiti. Na ɗauko ja, ta ce zawarci za ni? A ƙarshe Umma ta buɗe akwatinta ta ciro mini wata mai ruwan zuma da ƙaramin aiki a wuya, da mayafi mai kauri kalar madara. Ban sa jan baki ba, kwalli kawai, da turaren Umma mai sanyi. Gwaggo ta gyara mini mayafin da hannunta, ta raɗa mini, "In ta yi faɗa ki sunkuyar da kai. In kin dawo ki rama a kaina."

Gidansu shiru ne, tsaf-tsaf, tsakar gidan duk siminti, babu ko tukunyar fure ɗaya. Mai Zane ya yi mini jagora zuwa falon mahaifiyarsa. Farar dattijuwa ce siririya, tana zaune a kan darduma, ta jingina da kujera, carbi a hannu. A bango akwai hoton wani saurayi mai faɗin murmushi, ya rungumo kwandon lemo. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba yabo ba fallasa, ta dubi ɗanta.

"Ba mu wuri."

Ya fita yana waiwaye.

"Ke ce mai aiki da igiyar ƙasa."

"Ni ce, Mama. Da dafinta nake aiki."

"Iyayenki sun sani?"

"Sun sani. Gwaggona ma Gardiya take kirana."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Na ga gefen bakinta ya motsa kaɗan, ya koma.

"Ya ce ki bari?"

"Ya ce."

"Kika ce?"

"Na ce ba zan iya ba. Ina son ɗanki, Mama, ba zan ɓoye ba. Amma in na ce miki na bari, ƙarya na yi miki, kuma ba na so ranar farko da kika ji muryata ta zama da ƙarya."

Ta ci gaba da jan carbi. Na tuna gargaɗin Abba, na kame bakina da ƙyar. Can ta ɗaga ido ta kalli hoton bango.

"An yi masa allurar. Da idona na gani, kwalba bayan kwalba. Likitan ya ce ita ce maganin. To me ya sa bai tashi ba?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ni ce na makara, ko? Na tsaya wanke ciwo. Ke da kika karanta, faɗa mini. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne ya ƙare. Ba shi na tambaya ba."

Wallahi da sauƙi in ce mata a'a, Mama, ba ke ba ce. 'Yan kalmomi kaɗan, ta so ni har abada. Amma ban sani ba, kuma mace irin wannan tana jin ƙamshin lallashi tun daga nesa.

"Ban sani ba, Mama. Ba na wurin, kuma ba zan yi miki shaidar abin da ban gani ba. Jinkiri yana cutarwa, gaskiya ne. Amma saran kububuwa mayaudari ne, mutum kan yi tafiyarsa yana hira kafin jini ya ɓalle, ko wanda ya fi ki sani zai iya ruɗuwa. Kuma akwai wani abu. Ba kowane makari ke kama dafin kowace kububuwa ba. Yana yiwuwa a kai mutum da wuri, a yi masa allura, makarin ya zama ba na macijin da ya sare shi ba ne. Ko haka ta faru da ɗanki, Allah kaɗai ya sani. Amma ko tana faruwa da 'ya'yan wasu yau, wannan za a iya ganowa. Shi ne aikina."

Sai da na rufe baki na tuna na ambaci sunan har sau nawa a falon da aka haramta shi. Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa.

Ba ta zo ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Hawaye ɗaya ya gangaro, ba ta share ba.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini allura na iya zama ba ta ciwon ba."

"Ba kowa ya sani ba, Mama."

"A wurin naku, suna nan da rai?"

"A'a. Busasshen dafi ake kawo mana, kamar garin gishiri, a 'yan kwalabe cikin firiji."

Ta dafa kujera ta miƙe, ta ƙwala wa ɗanta kira. Ya shigo da sauri har yana tuntuɓe da bakin ƙofa, yana duban fuskata, yana duban tata.

"Ɗauko mini mayafina, ka tayar da mota."

"Ina za mu, Mama?"

"Inda take aiki. Ban ce na yarda ba," ta juyo gare ni, "kada ki yi saurin murna. So nake in ga abin da idona. Na gaji da gudunsa."

Ta shiga gaba, na shiga baya. Mai Zane na ta satar kallona ta madubi, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan bi da ita ta ƙofar baya don kada ta haɗu da hoton baranda. Mun hau babban titi ke nan wayata ta yi ƙara. Saƙon Farfesa ne.

"Masu tatsar dafin da muke jira wata mai zuwa sun iso yau ba sanarwa. Sun zo da kububuwa masu rai a akwatuna, suna ɗakin gwaji. Duk inda kike ki taho yanzu."

Na karanta, na sake karantawa. Zan iya cewa a juya, wai an rufe ginin. Zan iya cewa Farfesa ba ta nan, a bari sai wani lokaci. Na dubi ƙeyar dattijuwar nan da ta saka mayafi ta fito a kan maganata.

"Mama, abin da na gaya miki ɗazu ya canza. Yanzu aka aiko mini. An kawo su."

Mai Zane ya taka burki har muka yi gaba. Ya gangara gefen titi. Masu babura na wucewa suna mana hon.

Ba ta juyo ba. "Masu rai?"

"Masu rai, Mama. A cikin akwatuna."

"Mama, mu koma gida," in ji shi. "Don Allah mu koma."

Ta gyara zaman mayafinta a kafaɗa, ta naɗe carbin a hannu, ta kalli titi.

"Wa ya ce ka tsaya? Ja mota."